Haraji da Masu Karɓarsa a Ƙasar Zazzau

Tun kafin zuwan Turawa, manomin Zazzau ya san kuɗin galma, wato harajin da ake yanka wa gida gwargwadon yawan masu riƙe galma a cikinsa. Turawa sun mayar da shi haraji na tsabar kuɗi wanda ake zubawa a baitulmalin En'e, hukumar da sarki ke shugabanta, kuma wannan ya tura manoma da yawa ga shukar auduga domin su sami abin biya.

A wancan zamani, da kaka ta yi, hakimi yakan aika wa dagatai, su kuma su matsa wa masu unguwanni, malamin haraji yana biye da littafin rasit. Wanda ya gaza biya, dogarai da jajayen rawunansu kan tsaya masa a zaure, su kama akuya ko su ɗauke tukunya, wani lokaci a shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci har danginsa su harhaɗo kuɗin, abin da ya fi asarar akuyar ciwo. Ƙauyukan da ke kewayen Samaru sun sha wannan, shi ya sa wasu kan yi gudun haraji. Sabon Gari kuwa, da ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya fara rayuwarsa ne a ƙarƙashin jami'in Bature, ba En'e ba.

Jam'iyyar NEPU ta riƙe ƙorafin haraji tun daga 1950, daga baya kuma Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali, wato harajin shanu, a Jihar Kaduna a 1979.