Filin Jirgin Kano da Makarantar Matuƙa Jiragen Yaƙi

Mutumin Auyo da ya yi sammako zai shiga Kano yakan shafe kusan awa uku a mota, in direba bai tsaya lodi a kowane ƙauye ba. Ta sama kuwa tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 170 ba, kuma jirgin L-39 da sojojin saman Najeriya ke koyar da tuƙi da shi a Kano zai cinye wannan tazara cikin kamar minti goma sha biyar. A ɗan wannan lokaci wanda ke ciki zai duba taswira, ya lissafa man da ya rage masa, ya amsa kiran rediyo, ya kula da abokin tafiyarsa da ke dab da fiffikensa, idonsa kuma na kan tsuntsaye. Wannan gwaninta sai da maimaici na kullum ake samunta. Kano ta daɗe tana karɓar jiragen yaƙi kafin ta fara yaye masu tuƙa su.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Ingila suka sauka a wani filin wasan dawaki na Kano, don a lokacin babu filin jirgi. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso, suka biyo ta Khartum da Darfur da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Jagoransu Arthur Coningham ne, wanda daga baya ya shugabanci mayaƙan saman Ingila a yaƙin hamadar Arewacin Afirka. Jiragen na katako ne da yadi, fiffike ɗaya bisa ɗaya. Gwaji ne aka zo yi, a ga ko hanyar za ta biyu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano.

Amfanin gwajin ya fito a yaƙin Hitila. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, kai jirage Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. Sai Ingila ta riƙa kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a haɗa su a can, su taso ayari-ayari. Jirgin Blenheim mai inji biyu, wanda ke ɗauke da masanin hanya, shi ne madugu, ƙananan jiragen Hurricane kamar shida na biye da shi: Legas, Kano, Maiduguri, El Geneina, Khartum, sai Alƙahira, tafiyar kusan kwana shida. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti don a hango wanda ya faɗi a daji. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Masu tuƙin dai 'yan Ingila ne da 'yan Poland da sauran abokan yaƙinsu. Kano zango ce kawai, a sha mai, a kwana, a wuce.

Najeriya ta kafa tata rundunar sojin sama a Afrilun 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. An tura samari koyo Habasha da Kanada da Indiya da Jamus, aka kuma fara horo a Kaduna da ƙananan jirage masu farfela. Ana cikin haka yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, rundunar ba ta da jirgin yaƙi na jet ko ɗaya. A watan Agusta manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka fara sauke MiG-17 da MiG-15 a Kano, ana haɗa su a nan, ga kuma L-29 daga Cekoslobakiya.

Jirage sun samu cikin 'yan makonni, amma babu wanda zai hau. Dole aka ɗauko matuƙa daga Masar da wasu 'yan haya Turawa. Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne: bama-bamai sun sha faɗawa kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, jiragen agaji da na makamai kuma suka yi ta sauka a filin Uli na Biyafara da dare, saboda tarar jirgi cikin duhu ba aikin da aka shirya masa ba ne. Sannu a hankali 'yan ƙasa suka karɓi tuƙin, da tsada. A Oktoban 1969 shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, yana tuƙa L-29 shi kaɗai, yanayi ya ɓaci, mai ya yi ƙasa, ya nemi saukar gaggawa a Uzebba, ya rasu a wurin.

Bayan yaƙi aka tsayar da Kano a matsayin wurin koyon jet. Makarantar, wadda aka daɗe ana kira ta 303, yanzu kuma 403, tana cikin sansanin da ke jingine da filin jirgin Malam Aminu Kano. A 1986 da 1987, lokacin Ibrahim Alfa na shugabancin rundunar, aka kawo L-39ZA guda 24 daga kamfanin Aero Vodochody na kusa da birnin Prag. Inji ɗaya gare shi, kujeru biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya inda yake ganin duk abin da yaron ke yi kuma zai iya ƙwace tuƙin a kowane lokaci. Ana iya ɗaura masa bindiga mai harsashi milimita 23 a ƙarƙashin ciki da rokoki a fukafukai. Ɗalibi ba ya zuwa nan sai ya gama da jirgin farfela a Kaduna. In ya tsallake Kano aka liƙa masa fukafukai a ƙirji, sai Kainji, inda ake koyon faɗa da Alpha Jet, daga nan wasu su wuce Makurdi.

Yini a irin wannan makaranta makanikai ne ke buɗe shi. Tun duhun asuba suna gindin jirgi da tocila, suna duba taya da birki da man inji, suna leƙa bakin da injin ke shaƙar iska. Akan jeru a taka filin ajiye jirage da ƙafa ana tsintar tsakuwa da kusa, domin ƙaramin noti ɗaya in inji ya haɗiye shi ya gama da shi. Ana idar da wannan sai taron safe. Jami'in yanayi ya faɗi inda iska ke kaɗawa da nisan da ido ke iya gani, na hasumiya ya faɗi titin da za a yi amfani da shi da filin da za a nufa in Kano ta ƙi saukuwa. Sannan a zo wurin da ɗalibai ke tsoro: malami ya nuna ɗaya, ya ce inji ya mutu kana gama tashi, me za ka yi? Yaro zai miƙe tsaye ya jero matakan da ka, a jere, ba in'ina. Wanda ya yi tuntuɓe yana iya rasa tashin ranar.

Daga nan kowane malami ya keɓe da ɗalibinsa su bi darasin daki-daki, su sa hannu a littafin jirgi, su fita. Matuƙi yakan kewaya jirgin da kansa yana taɓawa yana dubawa, ko da makaniki ya riga ya duba. Ya hau, a taya shi ɗaure ɗamara, a zare ƙusoshin da ke kulle kujerar tsira a nuna masa su ya gani da idonsa. Daga wannan lokaci yana zaune ne a kan abin da zai iya cilla shi sama da laima cikin ƙiftawar ido.

Tashin kansa bai cika wuce awa guda ba. A farko aikin gundura ne: a tashi, a kewayo, a taɓa titi da taya, a sake tashi, a kuma kewayowa. Mazauna Kurna da Birged da Sabon Gari sun san wannan ƙara mai tafiya tana dawowa. Sai ranar da malami zai sauka ya bar ɗalibi ya tafi shi kaɗai. Bayan nan ake shiga wasan sama, juyi da tungura da jirkicewa, da gangan kuma a rage gudu har jirgi ya daina ɗaukar kansa, don yaro ya san yadda ake ceto shi. A juyi mai tsanani nauyin jiki kan ninka sau biyar, mai kilo 70 ya ji kamar 350 ne, jini ya sauka daga kai zuwa ƙafafu, gani ya fara dushewa. Akwai wando na musamman da ke cika da iska ya matse cinya da ciki, amma sai matuƙi ya taimaka da ɗaure tsoka da yanka numfashi, in ba haka ba ya suma. Sai tafiya a jere, fiffike kusa da fiffike, inda na biye ba ya kallon komai sai jirgin jagora. Sai tafiyar ƙasa-ƙasa da taswira da agogo, sai tashin dare.

Yanayin ƙasar nan ma malami ne, kuma ba ya sassauci. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, hazo ya rufe Kano har a kasa rarrabe sama da ƙasa. Shi ya sa ake rufe wa ɗalibi gani da labule a cikin jirgi, a tilasta masa ya yarda da agogunan gabansa ko da jikinsa na gaya masa ya karkace. Da bazara zafi kan sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, don haka an fi son tashin safe. Da damina hadarin gabas kan taso da yamma ba sallama. Ga tsuntsaye: shirwa da ungulu a bakin gari, a gabas kuma fadamar Hadeja da Nguru, matattarar agwagin ruwa da ke zuwa daga Turai da sanyi, da garken jan baki da manoman shinkafa na Auyo suka fi kowa sanin yawansa. Tsuntsu mai kilo ɗaya in ya haɗu da jirgi mai gudun kilomita 600 a awa yana iya fasa gilashi ko ya kashe injin, L-39 kuwa ba shi da na biyu.

In an sauka ba a gama ba. Za a zauna bita, wani lokaci ta fi tashin tsawo, a bi kowane kuskure, a ba da maki. A rukunin mayaƙa na sosai al'adar ita ce a ajiye muƙami a bakin ƙofa, ƙaramin hafsa ya gaya wa babba inda ya kauce. Ko gwani ne, in ya yi makonni bai tashi ba, ƙa'ida ta ce sai ya sake hawa da malami.

Wannan ƙa'ida ce ta tona asirin shekarun da suka biyo. A shekarun 1980 Najeriya ta sayi Alpha Jet 24 da Jaguar 18 da MB-339 guda 12, ban da MiG-21 da take da su tun 1975. Sai naira ta faɗi bayan 1986, kayan gyara suka yi tsada, takunkumin da ƙasashen Turai suka sa bayan soke zaɓen 1993 da rataye Ken Saro-Wiwa a 1995 ya ƙara toshe hanya. Jaguar suka kwanta a Makurdi tun farkon shekarun 1990 ba su tsufa ba, MiG-21 suka bi su. Alpha Jet ne suka ɗauki nauyin ECOMOG a Laberiya da Saliyo. A Kano ma jirage masu tashi suka ragu, ɗalibai suka yi ta jiran layi, wasu sai waje aka kai su. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, ƙarancin matuƙa ya fito fili, har jiragen makarantar aka ɗaura wa makamai aka tura Maiduguri. Kowace awa da L-39 ya yi a fagen fama, daga rabon wani ɗalibi aka cire ta.

Iya Mashal Sadique Abubakar, ɗan Azare, maƙwabciyar ƙasar Hadeja, ya riƙe rundunar daga 2015 zuwa 2021, kuma a zamaninsa aka koma kan horo. An kawo Super Mushshak goma daga Pakistan don Kaduna, aka tada wasu L-39 da suka kwanta a Kano tare da injiniyoyin kamfanin da ya ƙera su. A Oktoban 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko da ta samu fukafukan tuƙa jirgin yaƙi a rundunar, ko da yake a Amurka ta ƙarasa horonta. A 2021 Super Tucano 12 suka iso Kainji, JF-17 uku suka sauka Makurdi. Akwai kuma odar M-346 guda 24 da aka yi daga Italiya. Jiragen L-39 na Kano, waɗanda aka kawo zamanin Babangida, sun doshi shekara arba'in, sun girmi ɗaliban da ke hawansu nesa ba kusa ba.