Katse intanet: yadda ake gane shi da abin da doka ta tanada

Katse intanet shi ne a rufe layi da gangan, bisa umurnin hukuma, ko dai a ƙasa baki ɗaya, ko a wani yanki, ko kuma a toshe wasu kafofi kawai kamar Facebook da WhatsApp. Ya bambanta da "babu rezo" da muka saba da shi a ƙauyukan Magaria da Dungass, inda rashin wuta a turken salula ko ruwan sama mai ƙarfi kan sa waya ta yi shiru.

Mun taɓa ganinsa a Nijar. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu 2021, an katse intanet na salula daga 24 ga wata, bai dawo ba sai 5 ga Maris. Kwana goma ke nan. Kira yana shiga, amma saƙon murya na WhatsApp ba ya tafiya. Mai ridi ko wake da ke jiran farashin Maigatari, da uwar da ɗanta ke ci-rani a Libiya, sun san abin da kwana goma ke nufi. Maƙwabtanmu ma sun sha: a Satumba 2021 Najeriya ta rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina saboda ƴan bindiga.

To yaya ake bambancewa? Idan matsalar turke ce, kamfani ɗaya take shafa ko gari ɗaya. Amma idan Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom suka ɗauke lokaci guda, daga Yamai har Damagaram, to ba turke ba ne. Mu na bakin iyaka muna da wata alamar: layin Najeriya da wayoyinmu ke kamawa wajen Tinkim yana aiki, namu kuma shiru.

Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. NetBlocks da ke Ingila tana auna yawan masu shiga intanet a kowace ƙasa, tana cikin waɗanda suka tabbatar da katsewar 2021. OONI kuma tana da manhaja da ake sa wa a waya, ta gwada ko an toshe wani shafi. Sai dai a sani, sakamakon a fili ake wallafa shi, kuma kamfanin layinka zai iya ganin ka yi gwajin.

Batun sirri kuwa, a nan muka fi son masu sauraronmu su natsu. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. A 2022 an cire hukuncin kaso kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yuni 2024 hukumomin soja suka maido shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna, 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai tada zaune tsaye, ko da labarin gaskiya ne. WhatsApp yana kulle saƙo a hanya, gaskiya ne, amma ba ya hana ɗan rukuninku ɗaukar hotonsa ya tura gaba. Kuma layin da aka yi rajista da katinka, kai za a nema, ko da ƙanenka ne ke riƙe da shi.

Wanda aka yi amfani da bayanansa ba da izininsa ba yana iya kai ƙara ga HAPDP, hukumar kare bayanan jama'a da ke Yamai.