Sojojin Amurka a Biyetnam da Sauyin Fahimtar Jarabar Ƙwaya

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi wani al'amari na tarihi da ya girgiza ra'ayin masana halayyar ɗan Adam game da jarabar miyagun ƙwayoyi. Kafin shekarar 1971, akasarin likitoci sun yi imani cewa duk wanda hirowin ta kama, to da wuya ya kuɓuta, domin yawancin waɗanda aka yi wa magani a asibiti sukan koma mata bayan an sallame su.

A watan Mayu na 1971, wasu 'yan majalisar Amurka biyu, watau Robert Steele da Morgan Murphy, suka ba da rahoton cewa shan hirowin ya yaɗu cikin sojojin ƙasarsu da ke yaƙi a Biyetnam. Hankalin hukuma ya tashi, ana tsoron dubban mashaya za su cika birane idan sun dawo. Saboda haka aka ɗora wa Lee Robins, wata masaniya a Jami'ar Washington ta St. Louis, alhakin bin sawun sojojin da suka koma gida a watan Satumba na shekarar. Ita da abokan aikinta suka tattauna da kimanin mutum 900.

Abin da aka gano ya saɓa wa zaton kowa. Kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu da jarabar a fagen fama. Amma daga cikin waɗannan, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 kuma cikin shekara uku. Daɗin daɗawa, wajen rabinsu sun sake ɗanɗana ƙwayar a gida, amma galibinsu ba ta riƙe su ba.

To, mene ne dalili? A Biyetnam hirowin tana da araha da ƙarfi, ga fargabar mutuwa, ga kaɗaici, ga abokan sha. Da soja ya koma cikin iyalinsa, sai waɗannan sababai suka kau, abubuwan da zuciya ta saba alaƙantawa da sha suka ɓace masa.

A nan za mu fahimci cewa jaraba ba a cikin ƙwayar kaɗai take ba; mahalli da sabo suna da rabo babba, sabo kuwa turken wawa ne. Bisa ga haka, muna ganin duk maganin da ya wanke jinin mashayi, sa'an nan ya mayar da shi inda ya fito ba tare da sana'a ko sababbin abokai ba, rabin aiki ya yi.