Daga Boston zuwa Nairobi: Yadda Na'ura ta Shiga Kasuwar Rubutun Haya

Sayen rubutun makaranta ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1970 wani kamfani mai suna Termpapers Unlimited yana nan a birnin Boston na Amurka, yana sayar wa ɗalibai maƙala, kuɗinta gwargwadon yawan shafukanta. Ciniki ya kankama har wasu jihohin ƙasar suka kafa dokar hana shi. Da intanet ta zo, shafuka irin su School Sucks, wanda aka buɗe a 1996, suka riƙa tara tsofaffin maƙalu, kowa ya je ya kwafa.

Maganin da jami'o'i suka samo shi ne manhajar Turnitin, wadda ke gwada aikin ɗalibi da rubuce-rubucen da ke rumbunta. Ta kama masu kwafa, amma ta buɗe wa 'yan haya kasuwa, domin abin da aka rubuta maka sabo fil ba shi da tagwai a rumbun kowa. A 2006 Robert Clarke da Thomas Lancaster, malamai a Birmingham ta Ingila, suka bibiyi shafin RentACoder, inda ake ɗaukar masu rubuta manhaja aiki, suka tarar da ɗalibai suna tallata aikin ajinsu. Wato dai a gidanmu, mu 'yan kwamfuta, aka bankaɗo wannan asirin.

Daga nan Kenya ta zama cibiya. Ga matasa masu digiri da Turanci mai kyau, ga rashin aikin yi. Ɗalibi a Landan zai biya kamfani, kamfani ya miƙa wa mai asusu a Nairobi, shi kuma ya ba wani yaronsa. Kafin kuɗin ya iso hannun mai rubutun ya zama ɗan tsito. Ostireliya ta haramta sana'ar a 2020, Ingila a 2022, amma dokar can ba ta kai ɗakin mai rubutu a Nairobi.

Sai ga ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Ɗalibai da yawa suka koma tambayar na'ura da kansu, aiki ya ragu, farashi ya faɗi. To, wanda za a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ya kawo shafi ashirin kafin asuba, me kake tsammanin zai yi? Mai saye yana ganin mutum ya biya, ashe ƙirƙirarriyar basira ce ta yi masa aikin.

Matsalar tana cikin yadda aka gina na'urar. Aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Ta san kamannin madogara sarai: sunan marubuci, shekara, mujalla, lambar shafi. Don haka takan haɗa madogara mai kyan gani wadda ba a taɓa wallafawa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro. Lauyoyi ke nan, balle ɗalibin da bai ma karanta abin da ya saya ba.

Manhajojin gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne; OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. A ganina malami ba ya buƙatarsu. Ya ɗauki madogara uku ya nema, cikin minti biyar ya gama.

Kuma wanda aka cuta ba shi da wurin kai ƙara, don ƙarar kansa zai kai. Hukumar kula da ingancin manyan makarantu ta Ostireliya ta sha gargaɗin cewa wasu kamfanonin kan dawo su nemi ƙarin kuɗi, ko su tona wa ɗalibi asiri a jami'arsa. A nan gida ma, a shagunan kwamfuta na bakin jami'a inda ake “taimaka wa” ɗalibi da kundin kammala digiri, ChatGPT yana cikin wayar mai shagon. Ranar kare kundi kuwa ɗalibin ne zai tsaya gaban malamai, a ce ya kawo littafin da ya ambata a babi na biyu.