Yadda ake gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira kan rubuta rahoto

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, Copilot, Gemini da Perplexity na iya tsara rahoto cikin 'yan daƙiƙoƙi, da jimloli masu daɗin karantawa. Sai dai daɗin lafazi kan ɓoye kuskure, shi ya sa manyan kafafen yaɗa labarai suka fara gwada su kamar yadda edita ke tace aikin sabon wakili.

A irin wannan gwaji, akan yi wa manhajar tambayoyi kan al'amuran yau da kullum, sannan a miƙa amsoshin ga 'yan jaridar da suka ƙware a fannin. Su kuma sai su duba ko bayanin daidai ne, ko majiyar da aka ambata ta faɗi hakan, ko an bambanta ra'ayi da zahiri, da kuma ko an bayar da cikakken bayanin da mai karatu ke buƙata.

A watan Fabrairun 2025, BBC ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi wa waɗannan manhajoji huɗu da tambayoyi 100. An samu babbar matsala a kashi 51 cikin 100 na amsoshin. ChatGPT da Copilot, alal misali, sun nuna Rishi Sunak na Birtaniya da Nicola Sturgeon ta Scotland suna kan mulki, alhali sun riga sun sauka.

A watan Oktoba na shekarar, Ƙungiyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Turai da BBC suka fitar da bincike mafi faɗi, wanda ya haɗa kafafe 22 daga ƙasashe 18, cikin harsuna 14. Daga cikin amsoshi sama da 3,000, kashi 45 na ɗauke da aƙalla babbar matsala guda, kashi 31 kuma matsalarsu ta majiya ce.

Illar ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. A watan Janairun 2025, kamfanin Apple ya dakatar da tsarinsa na taƙaita labarai a wayoyi, bayan BBC ta koka cewa ya ƙirƙiri kanun labari na ƙarya da sunanta.

Hukuncin mai tantancewa na da nauyi, domin kamfanonin da ke gina manhajojin na amfani da ra'ayin mutane wajen horar da su: akan ba mutum amsoshi biyu ya zaɓi mafi inganci, manhajar ta koya daga zaɓinsa. Idan ya fifita santsin rubutu a kan sahihanci, abin da za ta koya ke nan.

Don haka sharhi mai amfani shi ne wanda ya nuna jimlar da ke da kuskure, ya kawo majiyar da ta saɓa mata, ya kuma fayyace ko laifin babba ne ko ƙarami. Cewa "rahoton bai yi ba" kawai ba ya gyara komai, ga manhaja ko ga wakili.