Ɗarikar Mormon a Najeriya: cocin da gwamnati ta taɓa hana wa biza

Mormon laƙabi ne da ake yi wa mabiya Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilu, 1830. Smith ya ce mala'ika ne ya nuna masa wasu allunan zinariya da ya fassara suka zama Littafin Mormon, wanda mabiyansa ke riƙe da shi tare da Baibul. Sun ɗauke shi annabi, haka kuma duk shugaban da ya gaje shi, abin da ya sa Kiristoci da dama ke musu kallon bare. Bayan wasu gungun mutane sun kashe Smith a gidan yari a 1844, Brigham Young ya yi hijira da jama'ar zuwa kwarin Salt Lake a 1847, inda hedikwatarsu take har yau.

A zamanin Young ne, a 1852, aka hana baƙar fata muƙamin limanci, daga baya aka haɗa da ibadun haikali. A wannan ɗarika kusan kowane namiji mai riƙo da addini limami ne, don haka hanin ya mayar da baƙi mabiya masu daraja ta biyu.

Duk da haka, tun shekarun 1950 wasiƙu suka riƙa isa Salt Lake daga gabashin Najeriya, daga mutanen da suka ci karo da ƙasidun cocin suka kafa majami'u da sunansa ba tare da izinin kowa ba. An turo LaMar Williams a 1961, ya tarar da dubban masu jiran baftisma. Ana shirin buɗe ofishin mishan ke nan, sai a 1963 wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Kalifoniya, Ambrose Chukwu, ya rubuta wa jaridar Nigerian Outlook ta Enugu bayanin abin da cocin ke koyarwa game da baƙar fata. Gwamnatin jamhuriya ta farko ta ƙi ba wa 'yan mishan ɗin bizar zama. Ƙasar da ta fita daga hannun Turawa shekara uku kacal, ba ta da dalilin maraba da sabuwar wariya a rigar addini. An janye Williams a 1965, sannan juyin mulki da yaƙin basasa suka binne maganar.

Masu jira ba su watse ba. Fitacce a cikinsu shi ne Anthony Obinna, malamin makaranta daga Aboh Mbaise a jihar Imo ta yanzu, wanda ya shafe shekaru yana aika wasiƙa ana ba shi haƙuri. A watan Yunin 1978 shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da wahayin da ya soke hanin, aka yi wa Obinna baftisma ranar 21 ga Nuwamban shekarar. Sai a 2013 cocin ya fito fili ya barranta daga tsoffin hujjojin da ke cewa baƙar fata alamar la'ana ce.

Akwai wani abin lura. Cocin da ya yi suna da auren mata da yawa, wanda shi kansa ya amince Smith ya auri mata 30 zuwa 40, ya dakatar da al'adar a 1890, kuma a yau ba ya yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma, a nahiyar da hakan ba baƙon abu ba ne.

Mabiyansa a Najeriya sun haura 200,000, akasarinsu a Kudu. An buɗe haikalinsu na farko a Aba a watan Agustan 2005, aka rufe shi na ɗan lokaci a 2009 saboda taɓarɓarewar tsaro. A Oktoban 2024 suka sanar da shirin gina wani a Abuja.