Yadda ake ƙunshe manhajar kwamfuta domin ta isa inda babu intanet

A watan Satumban 2021 hukumomi sun katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, da nufin toshe wa 'yan bindigar da ke fakewa a dajin Rugu hanyar magana da masu ba su labari.

Ba a maido da layukan ba sai a watan Disamba.

A tsawon wannan lokaci, duk mai son saka sabuwar manhaja a kwamfutarsa, ko a makaranta ko a shagon buga takardu, sai dai ya karɓo ta hannu da hannu a cikin filashi. Ko za ta yi aiki ko ba za ta yi ba, ya danganta ne da yadda masu ita suka ƙunshe ta tun farko.

Mene ne ƙunshin manhaja?

Manhaja, komai ƙanƙantarta, ba abu ɗaya ba ce. Akwai ainihin umarnin da kwamfuta ke bi, da hotuna da haruffa, da kuma wasu ƙananan manhajojin da take jingina da su kafin ta tashi.

Ƙunshi shi ne fayil ɗin da ke tattara waɗannan duka, tare da bayanin inda za a ajiye kowanne a cikin na'ura.

To sai dai kowace babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta tana da irin nata ƙunshin. Windows na karɓar fayil mai ƙarewa da .exe ko .msi, kwamfutocin Apple kuma .dmg ko .pkg. A ɓangaren Linux, Debian da Ubuntu na amfani da .deb, Fedora kuma .rpm.

Wanda aka yi domin ɗaya ba ya buɗuwa a ɗaya. Ko a cikin Windows kanta akwai bambanci: manhajar da aka tsara domin na'ura mai bit 64 ba ta tashi a kan Windows mai bit 32, wadda har yanzu ake samu a tsofaffin kwamfutocin gwanjo.

Cikakken ƙunshi da na jeka-ka-ɗauko

Babban abin da ya shafi wurare irin su Batsari da Safana shi ne ko ƙunshin cikakke ne.

Kamfanoni da dama kan bayar da ɗan ƙaramin fayil ne kawai, wanda idan an buɗe shi sai ya shiga intanet ya sauko da sauran. Haka Google ke yi da manhajar Chrome, kodayake ya tanadi cikakkiya ga wanda ya neme ta.

Mutum zai iya yin tattaki har birnin Katsina ya kwafo irin wannan ƙaramin fayil, ya koma gida ya tarar bai ɗauko komai ba.

Masu amfani da Linux su ma kan gamu da wannan, domin fayil ɗin .deb yakan dogara da wasu ƙunsassan da ake saukowa daga rumbun intanet. Tsarin AppImage, wanda Simon Peter ya faro a 2004 da sunan klik, ya yi ƙoƙarin magance haka ta hanyar zuba manhajar da akasarin abin da take buƙata a fayil guda, wanda ake buɗewa ba tare da an girka shi ba.

A Windows kuma akwai manhajojin da ke aiki kai tsaye daga cikin filashi, irin waɗanda PortableApps ke tattarawa tun 2006.

Rubutu ɗaya, na'urori da yawa

Masu rubuta manhaja sun daɗe suna neman hanyar da za su yi aiki sau ɗaya ya wadatar.

A 1995 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da Java, inda manhaja ɗaya kan yi aiki a kowace kwamfuta, muddin an riga an saka mata injin Java. Idan babu shi, kuma babu intanet, aiki ya tsaya.

A 2013 kamfanin GitHub ya fito da abin da daga baya aka sa wa suna Electron. Shi kuwa yakan haɗa kowace manhaja da nata injin buɗe shafukan intanet, don haka ba ta neman komai daga waje.

Amma hakan na da tsada. Manhajar da aikinta bai taka kara ya karya ba takan haura megabayit 50, ga kuma cin ƙarfin tsohuwar na'ura. Nauyin ya ƙaru a kan masu saye tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Wayoyin hannu ma ba su tsira ba. Daga watan Agustan 2021, Google ya wajabta wa sababbin manhajojin Play Store wani tsari da ke rarraba ƙunshin gida-gida gwargwadon irin wayar mutum. Shi ya sa wani lokaci manhajar da aka tura ta Xender ko Bluetooth kan ƙi hawa wata wayar.

Haɗarin karɓa daga hannu

Fayil ɗin da ya bi ta hannaye da yawa yana iya ɗauko ƙwayar cutar kwamfuta, ko kuma a ce wani ya yi masa cushe.

Domin haka ne masu manhaja ke sa wa ƙunshi wani hatimi na lantarki, wanda ke nuna sunan mai shi, ya kuma lalace da zarar an taɓa fayil ɗin. Windows kan yi gargaɗi idan ba ta san mai manhajar ba.

Apple ya fi tsanantawa. Tun daga watan Fabrairun 2020, kwamfutocinsa kan tare sabuwar manhajar da ba a kai masa ya tantance ba. Mai manhaja na iya liƙa shaidar tantancewar a jikin ƙunshin, ta yadda za a iya duba ta ko babu intanet.

Akwai kuma manhajojin da ke hawa lafiya, amma su ƙi aiki sai an tabbatar da lasisinsu ta intanet.

Me ya sa abin ke da muhimmanci?

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Safana ko Batsari na zama jarrabawa ɗaya da na Legas, kuma manhajar gwaji da ke aiki ba tare da intanet ba ita ce hanyar da ta fi kusa da shi ta sabawa da na'urar.

Manhajar Kiwix, wadda aka fito da ita a 2007, misali ce ta yadda ake tsara aiki domin irin waɗannan wurare. Tana ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba.

Tana da ƙunshi daban-daban domin Windows da Apple da Linux da Android, amma kundin bayanan fayil ɗaya ne da dukkansu ke iya buɗewa. Idan mutum ɗaya ya sauko da shi, makaranta guda na iya kwafa.